Akwai wanda ya ga gauraka a fadamar Nguru cikin shekarun nan?

Ɗan Tashar Nguru ya rubuta:

Assalamu alaikum. Tambayoyi biyu ne da ni, amma ku yi haƙuri in fara da labarin yinin da ya haife su, don sai da shi za ku gane abin da nake nema.

Ni haifaffen Nguru ne, koyarwa nake yi a Kano shekara goma sha huɗu ke nan. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, lebura ne a tashar jirgin ƙasa, da damina kuma yana taɓa noman shinkafa a fadama. In akwai abin da ya iya kwaikwaya to kukan gauraka ne. Sai ya cika kumatu ya saki wata ƙara daga ƙirji kamar ana busa ƙaho a nesa, mu yara mu ce Baba ƙara. Yakan ce da ƙuruciyarsa, in an yanke shinkafa, garke-garke suke sauka suna kalar abin da ya zube, magariba na yi su hau kan giyayya su kwana. Ni kaina sau ɗaya na gan su a daji, ina aji uku na firamare. Guda biyu ne, a tsaye cikin ruwa iya ƙwauri, rana ta haske tukkun nan nasu mai ruwan zinariya. Har yau in na rufe ido ina ganin farin kuncinsu da jan da ke ƙasansa.

Watan jiya 'yata ta fari, mai shekara tara, ta zo mini da hoton gauraka, ta ce an gaya musu a makaranta shi ne tsuntsun Najeriya. Ta ce, "Abba, a ina yake zaune?" Na ce a garinmu. Sai da maganar ta fita na tsaya ina lissafi, na ga rabona da shi ya haura shekara talatin, kuma ban taɓa tambayar kowa ina ya shiga ba.

Shi ya sa ranar Juma'ar ƙarshen Nuwamba, ana sakkowa daga masallaci, na kama hanya da madubin hangen nesa da na saya kwance shekara uku da suka wuce, na kwana gidan Yayana. Na zaɓi lokacin ne da gangan. Kaka ta ƙare, ruwan ambaliya ya fara ja amma bai janye ba, baƙin tsuntsaye daga Turai sun sauka, gauraka kuma ya gama ƙyanƙyasa da damina, lokacin taruwarsa ke nan a inda ruwa ya rage.

Muna idar da sallar asuba ɗan Yayana ya ɗauke ni a babur zuwa bakin ruwa wajen Dabar Magini. Sanyin ranar ba na wasa ba ne, hannuna har ya ƙi riƙe biro. Mai kwale-kwalen dattijo ne Bamange, ya yi shekara saba'in ko kusa, Hausarsa tas. Da na ce masa ba kifi na zo saye ba, tsuntsu na zo kallo, bai yi mamaki ba. Ya ce ai ya sha ɗaukar Turawa da ɗalibai tun zamanin da ake zuwa ƙidayar tsuntsaye.

Kusan minti arba'in na farko ban ga komai ba sai kacalla. Hanyar ruwan ba ta fi faɗin jirgin da kaɗan ba, ciyawar ta fi mutum tsayi hagu da dama, sai dai ka ji motsi da 'yan ƙananan kuka a ciki. Baba mai jirgi ya ce su da kansu suke sare wannan hanya da lauje da adda duk shekara, in suka bari wata uku sai ta haɗe. Da muka ɓulla sarari rana ta fito ja wur a cikin hazo, har kana iya kallonta ido da ido. Nan ne na manta da sanyi. Kirinjijiya ta tashi gaba ɗaya tana fito, ɗaruruwa, ta kewaya ta sake sauka. Dinya biyar a kan wani tudu. Zalɓe a tsaye ba ya ko motsi. Tsuntsun nan mai dogayen yatsu da ke takawa kan ganyen bado, kowane lungu akwai shi. Jinjimi uku suka wuce ta samanmu. Can gefe inda hakin burugu ya kwanta, ƙananan agwagin Turai ne jingim, launin ƙasa-ƙasa duk iri ɗaya, da wasu masu siririn wuya da doguwar wutsiya a tsakaninsu. Wani shaho mai ruwan ƙasa da farin kai yana shawagi ƙasa-ƙasa bisa kacalla, duk inda ya bi sai agwagi su watse.

Wajen ƙarfe takwas da kwata na ga abin da ya kawo tambayata ta farko. A wani gurbi mai zurfi, ware da sauran, agwagi ne guda huɗu ƙanana. Jikinsu ja ne mai duhu kamar goron da aka ɓare ya sha iska. Ƙarƙashin wutsiyar kowace akwai fari tas, kamar an manna takarda. Ba kife kai suke yi su bar gindi a sama irin na sauran ba, nutsewa suke yi ɗungurungum su fito can gaba. Biyu daga cikinsu idonsu fari ne, na tabbatar da wannan don ba mu fi taku sittin da su ba kuma rana tana bayana. Da suka tashi sai da suka ɗan yi gudu a kan ruwa, sai ga farin layi mai faɗi ya bi tsawon fiffike. Na tambayi Baba sunansu, ya ce agwagwar ruwa ce dai, baƙuwa, sai da sanyi ake ganinta, ba kowace shekara ba.

Sannan na yi masa tambayar da ta kawo ni. Ya dakata da turin jirgi. Ya ce, "Gauraka? Ɗana, rabona da jin kukansa tun kafin in aurar da 'yata ta fari, ga shi yanzu 'yarta ma tana ɗakin miji." Ya nuna mini wani wuri arewa da mu, ya ce can ne masaukinsu a da, fili ne mai ruwa kaɗan da gajeren haki. Na ɗora madubi. Kacalla ce har iya ganina.

Da azahar muka bi titin Gashuwa muka ratse zuwa Dagona. Wurin yana ƙarƙashin gandun dajin ƙasa na yankin tafkin Cadi, don haka da ma'aikacin gandun muka shiga. Yaro ne mai kirki, ya san tsuntsaye ƙwarai, ya nuna mini kwasakwasa biyu da tsagagi, ya kuma ba ni labarin zuwan Yarima Filip mijin Sarauniyar Ingila wurin a 1989. Da na ce gauraka sai ya girgiza kai, ya ce tun da ya kama aiki bai sa shi a ido ba. A hanyar fita muka haɗu da wani Bafulatani da shanunsa. Na kwatanta masa, nan take ya ce, "Kumarewal!" Ya ce ya gan su da yawa shekarar da suka yi mashekari can gabas, amma a nan a'a.

Ban haƙura ba. Na roƙi ɗan Yayana mu jira magariba a gindin wata bagaruwa da ke fuskantar jerin giyayya, tunda mahaifina ya ce kan itace suke kwana. Hazo ya yi kauri, kurciyoyi suna ta shigowa, jan-baki ya wuce kamar hayaƙi. Saura kaɗan a kira salla sai ga manyan tsuntsaye biyu daga kudu, nesa ƙwarai, wuya a miƙe, jiki baƙi, fari a fiffike, suna kaɗa shi a hankali. Gabana ya faɗi. Kafin in daidaita madubi sun shige hazo. Ba su yi kuka ba, kuma ban ga ƙafafunsu ba. Na tsaya har duhu ya rufe, ba su dawo ba.

To ga tambayoyin. Agwagin nan huɗu wace iri ce, kuma abin a rubuta ne ko ni ne baƙo a harkar? Na biyu, wanda ya fi damuna: akwai wanda ya ga gauraka da idonsa a daji, ba a keji ba, a fadamar Haɗeja zuwa Nguru ko ko'ina a Arewa, cikin shekara goman nan? Biyun da na hanga, zai yiwu su ne? Ban gaya wa yarinyar komai ba tukuna.

Mai Zoben Ƙafa ta amsa:

Wa alaikumus salam Malam. Sannu da ƙoƙari, kuma wallahi ka iya kallo, don abubuwan da ka lissafa su ne daidai waɗanda ake so mutum ya lura da su. Na yi karatu a fannin nan a Jos, na kuma taɓa shiga ƙidayar tsuntsayen ruwa da ake yi duk tsakiyar Janairu.

Agwagin nan babu shakka a kansu. Ita ce wadda masana ke kira Aythya nyroca. Ja mai duhu, fari a ƙarƙashin wutsiya, nutso, farin layi a fiffike, duk sun dace. Masu farin ido maza ne, matan idonsu ruwan ƙasa ne, ka ga ke nan maza biyu da mata biyu ka samu. Tana ƙyanƙyasa a gabashin Turai da tsakiyar Asiya, wasu su ƙetaro Sahara su yi sanyi a fadamun Mali da namu da tafkin Cadi. Tana cikin jerin waɗanda ake fargabar raguwarsu a duniya, kuma tana son gurbi mai ciyayi inda ba a cika ganinta ba. Abin a rubuta ne ƙwarai. Akwai wata mai kama da ita da ke nan Afirka, amma namijinta jan ido gare shi kuma ba ta da farin nan na gindi.

Ƙananan nan da ka ce duk iri ɗaya ne, in ka koma a Fabrairu za ka sha mamaki. Mazan za su sake gashi, farin layi ya fito musu daga ido har ƙeya kamar an ja da alli. Yanzu suna cikin kayan tafiya ne.

Batun biyun magariba kuwa, gaskiya zan faɗa maka ko da ba za ta yi daɗi ba: na fi zaton dinya ce. Ita ma baƙa ce daga nesa, tana miƙe wuya, tana da fari a fiffike, kuma yawanci shiru take tafiya. Abin da ke raba su ƙafa ne. Gauraka ƙafafunsa dogaye ne, suna zarce wutsiya sosai, wuyan kuma yana ɗan rankwafowa ƙasa, har ka ga kamar yana da doro. Farin fiffikensa faffaɗa ne kamar allo, da ja-ja a bayansa. Ga shi da surutu, da wuya biyu su nufi makwanci ba su yi kukan da mahaifinka ke kwaikwaya ba. Galantoyi kuwa ba ya cikin lissafi tunda jikinsa fari ne. Ba na ce ba zai yiwu ba, amma a ƙa'idarmu abin da ba ka tabbatar ba, ba ka rubuta shi.

Ni ban taɓa ganin gauraka a daji a Najeriya ba, kuma cikin abokan karatuna ma sai wanda ya ƙetara iyaka. Tun 2010 aka sa shi cikin jerin masu fuskantar barazana a duniya.

Roƙona ɗaya. Ka sauke manhajar BirdLasser a wayarka ka shigar da abin da ka gani cikin aikin taswirar tsuntsayen Najeriya da cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos ke jagoranta. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kusan kilomita 9 a tsaye 9 a kwance, kuma gidajen Yobe suna buƙatar masu zuwa. Ba abin da ka gani kaɗai ke da amfani ba. In mutum ya yini a wuri ya lissafa komai babu gauraka, wannan rashin ma hujja ce.

Baffan Guri ya amsa:

Ɗana, na karanta labarinka sau biyu. Allah ya jiƙan mahaifinka. Jikana ne ke rubuta mini, ni nake faɗa.

Ni na girme ka nesa, kuma gauraka ba labari aka ba ni ba. Mun kore shi daga gona da gwangwani. Ka ce ka ɗora madubi ka ga kacalla har iya ganinka, to amsar tambayarka rabi tana nan. Ruwa ba ya tsami banza.

A da kogin Haɗeja da na Jama'are suna kawo ruwa da ƙarfi a watan takwas da tara, ya malale ko'ina, sannan ya janye. Rani na yi wuri ya bushe ƙaƙas, ƙasa ta tsattsage. Wannan cika da janyewa ita ce rayuwar fadama: shinkafa a kan ruwa, in ya ja a bi shi da wake da kuɓewa da masara, Fulani su shigo da shanu, kifi ya hayayyafa a cikin haki. Da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, sai lissafin ya juye. Babbar ambaliyar ta ragu, amma kuma ana sako ruwa kaɗan-kaɗan har da rani, wuraren da suka saba bushewa suka daina. Kacalla ba abin da take so irin wannan. Ta toshe hanyoyin ruwa, yashi da laka suka taru a gindinta, ruwan ya rasa hanyarsa ta gabas ya karkata ta hanyar ruwan Marma ya nufi Nguru. Wasu garuruwa ruwa ya ci gonakinsu, wasu kuma suna kallon sama. Gauraka tsuntsun fili ne, yana son ya tsaya ya hangi abin da ke zuwa. Me zai yi a cikin kacalla?

Sauran rabin kuwa mu ne. Kada a ɗora wa madatsa komai. Ina saurayi ana zuwa daga birni ana sayen 'ya'yansa, don masu hali suna son a gan shi yana yawo a tsakar gida, wasu kuma sun ce yana tsare gida daga sammu. Yara suka gane kuɗi ne, da damina sai su bi sheƙa cikin ruwa su kwashe. Tsuntsun da ke ƙyanƙyasa sau ɗaya a shekara, 'ya'ya biyu ko uku, in ana kwashewa shekara goma me zai rage? Ni ma na taɓa nuna wa wani sheƙa aka ba ni sule biyar. Ina tuna wannan, kuma ba na jin daɗinsa.

Amma zan faɗa maka wata magana, kai da 'yar nan ta Jos, kada ku ji haushi. In kun zo kallon tsuntsu ku riƙa tambayar manomi yadda ya kwana. Jan-bakin da ka ce ya wuce kamar hayaƙi, a cikin kacallar nan yake kwana yake haihuwa, kuma in ya sauka a gonar gero ko shinkafa yini ɗaya ya isa. Jikokina tun asuba suke kan rumfa suna kaɗa igiya da ihu har makaranta ta wuce su. Mutumin da ke cikin wannan hali in ka ce masa tsuntsu abin tausayi ne, sai ya ɗauka ba ka san ciwonsa ba. Alhali maganin naka da nasa ɗaya ne, a buɗe hanyoyin ruwa a rage ciyawar nan.

Ɗan Tashar Nguru ya amsa:

Malama, na gode, kuma na karɓa. Na koma littafina na duba abin da na rubuta a daren, "ban ga ƙafa ba" ne a ciki da hannuna. Zan bar shi a dinya. Manhajar na sauke, na shigar da iri 61 na yinin.

Baffa, Allah ya ƙara girma. Maganarka ta ƙarshe ta shige ni, don gonar da mahaifina ya noma ma yanzu tana ƙarƙashin kacalla, Yayana ya daina zancenta. Kuma gaskiya ne, na yini da Baba mai jirgi ina ta tambayarsa tsuntsu, sai da za mu rabu na ji cewa malinsa ashirin, wato tarkon kifi, ya dasa daren jiya bai tashi da kifin da ya cika kwano ba.

Bahaushen Kusiri ya amsa:

Salamu alaikum mutanen Najeriya. Ni ɗan Kusiri ne a Kamaru, kakanninmu daga Katsina suka zo, sana'ata tuƙin mota tsakanin Marwa da Injamena.

Malam, gaurakanka bai ƙare a duniya ba, ƙaura ya yi ko kuma na wajenku ne suka ƙare. Ina ganinsa. A fadamar Logon, gabas da gandun Waza, in ruwa ya fara ja daga Disamba zuwa Fabrairu, kana tafe da sassafe sai ka hange su a fili suna kiwo kusa da shanu, wani lokaci goma, wani lokaci fiye da hamsin. Na taɓa kashe mota na zauna ina kallon rawarsu. Ɗaya zai sunkuya, ya buɗe fiffike, ya daka tsalle sama da tsayin mutum, ɗayan ya amsa, kafin ka ankara duk garken ya ɗauka. Yaron motata har ya ce Oga za mu makara.

Abin da Baffa ya faɗa game da madatsa, mu ma an yi mana. A 1979 aka gina ta Maga don noman shinkafa, aka tare ruwan da ke malala cikin fadama, wuri ya mutu, masunta da makiyaya suka watse. Sai a 1994 aka fasa wani wuri a jikin ganuwar kogin aka sake sako ruwa, ciyawa ta dawo, kifi ya dawo, tsuntsaye suka biyo. Ba kamar da ba, in ji manya, amma ya dawo.

Inda ya fi ko'ina kuwa gandun dajin Zakuma ne a kudu maso gabashin Cadi. Sau biyu na kai baƙi can a watan Maris, lokacin da ruwa ya rage sai 'yan tafkuna. Ban iya ƙidaya su ba. Kukansu da asuba shi ke tashin mutum daga barci. Tafiyar tana da nisa da tsada, ba zan ɓoye maka ba, kuma hanyar Waza sai ka tambayi halin tsaro a satin da za ka bi, kada ka dogara da labarin bara. Amma in ka shirya zuwa da yarinyar, ka yi mini magana ta akwatin saƙo, gidana gidanka ne.

Maman Husna ta amsa:

Ni ba mai kallon tsuntsu ba ce, maigidana ne ya bar shafin a buɗe na karanta, na kasa wucewa.

Malam, na ga gauraka bara, amma irin ganin da ka ce ba ka so. A gidan biki ne, gidan wani mai hali, ba zan faɗi gari ba. Guda ɗaya ne, an karya masa fiffike ɗaya don kada ya tashi, yana zagaye tsakanin motoci a kan siminti. Tukkun ya yi duƙun-duƙun. Yara suna jefa masa cincin. Da la'asar ya ɗaga kai ya yi kuka sau uku, mata suka yi ta dariya suna ɗauka a waya. Wata tsohuwa da ke kusa da ni, 'yar wajen Haɗeja, ita ba ta yi dariya ba, ta ce abokin zamansa yake kira, don su biyu-biyu suke rayuwa. Abincin bikin nan ban iya ci ba.

Kuma ba shi kaɗai ba ne. Ina yarinya a unguwarmu ta bayan mahauta, ungulu sai ka kore ta da ƙafa. Yaushe rabon da waninku ya ga ungulu a kasuwa? 'Ya'yana sun san karin maganar ungulu ba ta jewar banza, amma ba su san kamanninta ba, sai da na nuna musu a waya. Maigidana ya ce tun 2015 aka sa ta cikin waɗanda ke gab da ƙarewa, saboda guba da masu sayen kanta don tsibbu.

Shawarata game da 'yarka, kada ka ce mata yana garinku, kada kuma ka ce babu. Ka gaya mata yadda ka gaya mana, har da dinyar. Yarinya mai shekara tara tana ɗaukar gaskiya fiye da yadda muke zato. Ka kuma yi mata kukan irin na kakanta in ka iya.

Ɗan Tashar Nguru ya amsa:

Hajiya, na bi shawararki daren jiya bayan isha. Na ba ta labarin tun daga kacalla har magariba, na nuna mata zanen agwagi huɗun da na yi a littafi. Ta yi shiru, sannan ta tambaye ni ko wanda ke gidan bikin za a iya saya a mayar da shi fadama. Na ce mai karyayyen fiffike ba zai rayu a daji ba, kuma in aka saya an ƙara wa masu kamawa kasuwa ne. Ba ta ji daɗin amsar ba. Kukan na gwada, bai kai na Baba ba, amma ƙanenta yana ta yi tun safe.

Ɗan'uwa na Kusiri, Allah ya saka da alheri, na aiko maka da saƙo. Kuɗin Zakuma ya fi ƙarfin albashina a bana, amma fadamar Logon zan fara tari.

Malama, tsakiyar Janairu ina da hutun ƙarshen mako mai tsawo. In masu ƙidaya za su zo Nguru ko fadamar Baturiya ta wajen Haɗeja kuma suna karɓar ɗan koyo, ki sa sunana. Na riga na yi waya da ɗan Baba mai jirgi, ya ce akwai wani fili bayan Marma da ruwa ke janyewa da wuri, kacalla ba ta kama shi ba tukuna, sai dai tafiyar awa biyu ce a kwale-kwale kuma dole a tashi kafin asuba. Baffa, in ka san sunan wurin ko wanda ke noma a can, jikanka ya rubuto mini.